Albasa Ba Ta Yi Halin Ruwa Ba

Ana sauran kwana kaɗan Kirsimati muka isa Unguwar Tudu, cikin ƙasar Gwarzo, domin bukin auren 'yar wani ɗan'uwa. Mun baro Kano da hantsi, muka bi hanyar yamma, muka ratsa ƙasar Kabo, hazo ya rufe gonaki har ba a hangen kan itatuwa sosai. Ran jajibere ne, saboda haka mun tarar gida ya cika da mata. An kafa murhu uku a bayan ɗaki, an jera manyan tukwane, yara suna ta jidar itace. Amma abin da ya fara tarbarmu tun daga zaure ba guɗa ba ce, warin albasa ne.

Mata shida muka gani zaune a kan tabarma, kowace da wuƙa da faranti, idanu sun yi ja, hawaye yana zuba kamar an aiko da mugun labari. A gabansu ga wani babban baho ya kusa cika da yankakkiyar albasa. Wata budurwa, ƙanwar amarya, wadda ta dawo hutu daga makaranta, tana tsaye da wayar hannu a hannun hagu, da kofin shayi a hannun dama, tana ɗiba tana ƙirgawa. Ita aka danƙa wa lissafin cefane, gama ita ce mai ilmin boko a gidan.

Can sai gwaggon amarya ta fito daga ɗaki. Tsohuwa ce wadda ta yi girkin buki fiye da yadda za ta iya tunawa. Ta dubi bahon, ta dubi yarinyar, ta ce, "Ke 'yar nan, wannan albasa duka cikin tukunya za ta, ko kuwa kasuwa za mu ci da ita?"

Yarinya ta ce, "Gwaggo, haka rubutun ya ce. Kofi ɗaya domin mutum 6. Mu kuwa mutum 150 mu ke tsammani, kin ga kofi 25 ke nan. Ban yi kuskure ba."

Tsohuwa ta ce, "Kofin wa?"

Wurin ya yi tsit. Mu kanmu da mu ke tsaye a gefe ba mu da amsa a lokacin. Lissafin yarinyar daidai ya ke, 6 sau 25 shi ne 150. Amma kofin da ke hannunta irin manyan nan ne na masu shayi, wanda ke shanye ruwan leda guda ba tare da ya zuba ba, watau rabin lita. Kofin da mai rubutun ya ke nufi bai kai rabin wannan ba. An sayo albasa ninki biyu, a lokacin da ta fi tsada cikin shekara, an kuwa yanka ta duka, ba damar a ajiye. Kuɗin da ya tafi a kan wannan ragowa daga kuɗin nama aka cire shi. Ran buki kowa ya ci ya ƙoshi, amma uwar amarya ta san yawan tsokar da ta so a sa wa baƙi, ta kuma san wadda aka sa.

Tun daga wannan rana maganar tsohuwar ba ta bar mu ba. Muka ga ya kamata mu bincika, mu kawo wa masu karatu abin da muka samu, domin wannan abu ba a Unguwar Tudu kaɗai ya ke faruwa ba.

Kofi, mudu da kilo

Awo iri biyu ne. Akwai awon cika, watau yawan wurin da abu ya tare cikin mazubi: mudu, tiya, kwano, gwangwani, kofi, cokali, lita. Akwai kuma awon nauyi, wanda sai da sikeli: kilo da giram, ko laba da oza na zamanin Turawa. Laba ɗaya giram 454 ce, oza ɗaya kuwa wajen giram 28.

Mu Hausawa awon cika muka gāda. Gero da dawa da masara da wake duk da kwano a ke sayensu, har a kan ce buhu kwano 40 ne. Wannan hanya ta yi wa hatsi daidai, gama ƙwayarsa ƙanana ce, kusan girmansu ɗaya, su kan zauna cikin kwano ba su bar wani fili mai yawa ba. Ko da haka kowace uwargida ta san tiyar wannan kasuwa ba lalle ta zama ɗaya da ta waccan ba, ta kuma san bambancin kwano mai tozo da wanda aka shafe bakinsa, da wanda aka bubbuga gindinsa ya shige ciki.

Sikeli kuwa ba baƙo ba ne a ƙasarmu. Tun bayan da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, da sikeli a ke sayen gyaɗa da auduga. Amma dattawa da yawa ba su tuna shi da alheri. Manomi ya kan kawo kayansa, wani ya ɗora, wani ya karanta, wani ya rubuta, shi kuwa bai iya karanta lambar ba, sai abin da aka faɗa masa. Kwano dai yana gani da idonsa. Muna zaton wannan yana cikin dalilan da suka sa har yau mutanenmu suka fi sakin jiki da mudu. Ba laifin sikeli ba ne, ba kuwa laifin mudu ba. Tun cikin Shari'ar Musa, a Littafin Firistoci sura 19, an ambaci ma'aunin nauyi da na cika tare, an umarta kowannensu ya zama na gaskiya. Ashe dukansu biyu ana iya cuta da su.

Cikin shekaru kaɗan Nijeriya ta sāke abubuwa uku. A watan Afrilu na 1972 motoci suka koma bin hannun dama. Ran 1 ga Janairu 1973 naira da kwabo suka maye gurbin fam da sule. A 1974 kuma aka kafa dokar ma'auni da awo wadda ta tsayar da kilo da lita da mita. Na farko da na biyu sun zauna nan da nan, gama wanda ya ƙi bin hannun dama ba ya daɗewa, wanda ya riƙe sule kuma ba shi da abin saye. Na uku kuwa ya shiga gidan mai, da kantin siminti, da asibiti, amma da ya zo ƙofar kasuwar ƙauye da ta madafa sai ya tsaya.

Shi kofin da a ke rubutawa cikin littattafan girki da na waya, yawancinsa daga Amurka ya fito. A can ne wata malamar girki, Fannie Farmer, ta buga littafi a 1896, ta nace a riƙa auna kome da kofi da cokali na musamman, a shafe bakinsu. Wannan kofi mililita 237 ya ke ɗauka, bai cika kwatan lita ba. A Ostareliya kofinsu mililita 250 ne, kwatan lita cif. A Faransa da yawancin ƙasashen Turai kuwa ba su cika damuwa da kofi ba, da giram su ke rubuta girkinsu. To, kun ga duk inda aka ce kofi, a ɗauka kwatan lita a ke nufi ko ƙasa da haka kaɗan. Ruwan leda guda kofi biyu ne da ɗan ɗigo.

Abin da iska ke ci

Yanzu ga inda albasa ta bambanta da gero. Mutanen Faransa da suka ƙago kilo cikin shekarun 1790, da ruwa suka ɗaure shi: lita ɗaya ta ruwa ita ce kilo ɗaya. Saboda haka kofi na ruwa giram 237 ne. Albasa kuwa kusan dukanta ruwa ce, cikin kashi 100 wajen 89 ruwa ne. Mutum sai ya zaci kofin albasa zai yi nauyin kofin ruwa. Ina! Nan ma dai albasa ba ta yi halin ruwa ba.

Dalili shi ne iska. Ruwa ya kan cika kowane lungu na kofi. Yankakkiyar albasa kuwa gutsattsari ce, wannan ya jingina da wancan, tsakaninsu fili. Ba albasa kaɗai uwargida ke aunawa ba, har da iskar da ke tsakani. Yawan iskar kuwa ya danganta ga wuƙa da hannun mai yanka.

Ma'aikatar aikin gona ta Amurka tana da jerin nauyin abinci iri iri wanda masana girki ke aiki da shi. Bisa ga wannan jeri, kofi ɗaya na albasa da aka yayyanka ƙanana, irin ta soya miya, giram 160 ne. In kuwa an yanka ta zobe-zobe ko dogo-dogo, irin ta kan tsire ko ta kwaɗo, kofin nan giram 115 kaɗai ya ke ɗauka, gama zoben ya kan tokare, ya bar fili da yawa. In aka markaɗa ta ko aka kirɓa a turmi har ta yi laushi, iska ba ta da wurin zama, sai nauyin ya haura giram 200, ya doshi na ruwa. Kofi ɗaya ne, albasa ɗaya ce, amma na markaɗe ya kusa ninka na zobe.

Daga waɗannan lambobi muka fitar da wata ƙa'ida mai sauƙin riƙewa, wadda za ta yi aiki da kowane mazubi da ke gidanku. A fara sanin yawan ruwan da mazubin ke ɗauka. In yankan ƙanana ne, nauyin albasa kashi biyu ne cikin uku na nauyin ruwan. In zobe ne, rabi. In markaɗe ne, kusan daidai da ruwan.

Bari mu gwada da abubuwan da kowa ya sani. Ƙaramin gwangwanin madarar ruwa, wanda mata ke awon shinkafa da sukari da shi, yana ɗaukar wajen mililita 160. Kashi biyu cikin uku na wannan shi ne giram 100 da 'yan kai. Kwanon da ke cin lita ɗaya zai ɗauki wajen giram 670. Bokitin fenti mai lita 4 zai ɗauki kilo 2 da giram 700, ko fiye kaɗan, gama ta ƙasa ta kan danne saboda nauyin ta bisa. Babban cokali na cin abinci kuwa giram 10 ne, cokali 16 ke cika kofi.

Wani zai ce, to, ai ba da giram mu ke sayen albasa ba, kashi-kashi a ke kasa ta. Gaskiya ne. Saboda haka ga kimanin nauyin ƙwaya bayan an ɓare ta. Ƙarama, wadda ta ɗara ƙwan kaza kaɗan, wajen giram 70. Matsakaiciya, mai faɗin santimita 6 ko kusa, kamar ƙaramin lemo, giram 110. Babba giram 150, akwai ma waɗanda suka fi haka nesa, musamman lokacin da sabuwa ta fito. Watau matsakaiciya guda ita ce gwangwanin madara ɗaya. Babba guda ta kusa cika kofi. Matsakaita uku kofi biyu ne. Wannan kaɗai in uwargida ta riƙe ya ishe ta girkin gida.

Mu koma gidan buki

Da yarinyar nan ta san wannan, ga yadda lissafinta zai kasance. Kofi 25 sau giram 160, giram 4,000 ke nan, kilo 4 na ɓararriyar albasa. Amma ba ɓararriya a ke sayarwa ba. Ɓawo da gindi da kai su kan ci wajen kashi ɗaya cikin goma, in kuma ajiyayya ce mai ruɓa a ciki, asarar ta fi haka. Saboda haka sai ta sayo kilo 4 da rabi, ko kuwa matsakaita 40. Shi ke nan. Yaro guda zai ɗauko ta a leda.

Da kofin shayi kuwa, kowane ɗiba ɗaya giram 340 ne ko kusa, sau 25 ya haura kilo 8. Da kuma a ce ta sami kofin gaskiya amma matan sun yanka zobe-zobe, da giram 2,875 za ta samu, bai kai kilo 3 ba, miya ta rasa fiye da kilo guda. Ku duba fa: rubutu ɗaya, lamba ɗaya, amma wata za ta zuba kilo 3, wata 4, wata 8, kowace kuwa ta rantse ta bi abin da aka rubuta.

A tukunyar gida wannan bambanci ba wani abu ba ne. Rabin albasa sama ko ƙasa ba ya ɓata miyar mutum shida, kada kowa ya ce mun hana uwargida girki sai da sikeli. Kuskure ƙarami sai an ninka shi ya ke zama babba. Wurin da za a yi hankali shi ne girkin taro: buki, suna, Kirsimati, ko sa'ad da matan zumunta za su ciyar da baƙin babban taro kwana uku da kuɗin da aka tara da ƙyar. A irin wannan wuri mai riƙe da jaka za ta ba da lissafi a gaban jama'a, kuma "na ga kamar zai isa" ba amsa ba ce.

Sikelin da ba a saya

Akwai ƙananan sikeli na madafa a kasuwannin Kano, akwai kuma mai ƙugiya da a ke ratayawa. Ƙungiyar mata da ke yawan girkin taro, in ta sayi guda ta ajiye wurin ma'aji, ba ta yi asara ba. Amma ko babu, ana iya haɗa ma'auni a gida.

A sami sanda miƙaƙƙiya mai tsawon kamu biyu. A ɗaura igiya a tsakiyarta, a rataye ta a reshe ko a azara. A ɗaura leda ko kwano iri ɗaya a kowane gefe, nesa ɗaya daga tsakiya, a gyara har sandar ta kwanta daidai tun ba a sa kome ba. Sa'an nan a ɗauko ruwan leda. Wanda aka rubuta santilita 50 a jikinsa rabin kilo ne, biyu kilo ɗaya. A duba rubutun dai, gama akwai mai 60. A sa leda biyu a gefe ɗaya, a riƙa zuba albasa a ɗaya gefen har sanda ta daidaita. Kilo ɗaya ke nan. Ba zai yi daidai kamar na maƙerin zinariya ba, amma ya fi ƙarfin aikin miya.

Abin da ya fi amfani shi ne a yi wannan sau ɗaya tak. A auna kilo guda, a ɓare, a yanka irin yankan da aka saba a gidan, a zuba cikin kwanon da aka saba aiki da shi, a ga inda ta tsaya, a yi wa wurin alama. Daga ranar kwanon ya zama sikeli. Gama lambobin da muka kawo na kimani ne, hannun kowace mace kuwa da irin yankansa.

Abu biyu a kiyaye wajen awo. Na ɗaya, kada a danna, a zuba a girgiza kaɗan a shafe baki. Na biyu, a auna da zarar an yanka. Albasa in ta jima a yanke, balle an barbaɗa mata gishiri, sai ta saki ruwa ta kwanta, abin da ya cika kwano da safe ya koma ƙasa da baki kafin azahar. Soyayya kuwa ba a maganarta, tuli guda ya kan koma ɗan kaɗan a cikin mai. In rubutu bai faɗi kome ba, ɗanya ya ke nufi.

Masu sana'a

Waɗanda wannan magana ta fi shafa su ne mata masu ƙosai da alala da awara da shinkafa da miya, waɗanda da ribar tukunya su ke biyan kuɗin makarantar yara. Farashin albasa ba ya zama wuri ɗaya. A ƙasarmu noman rani ne ya fi kawo ta. Ana shuka ta a fadamu da bakin madatsun ruwa, irin su Guzu-Guzu da Magaga a wannan yanki na yamma, da Challawa ta ƙasar Ƙaraye wadda aka gama a 1992. Daga nesa kuma ga ta Aliero a Jihar Kebbi, ga ta Galmi a Jamhuriyar Nijar, wadda sunanta ya kai har bakin teku. Wajen watan Maris da Afrilu, sa'ad da a ke cire ta, ta kan yi arha har a rasa mai saye. Daga ƙarshen damina zuwa Disamba kuwa sai ta yi wuya. Ƙarshen 2020 kowa ya tuna, lokacin da albasa ta yi tsadar da har aka riƙa yi mata ba'a a ce ta zama zinariya.

Abin lura shi ne, mai kasa albasa ba kullum ya ke ƙara kuɗin kashi ba. Sau da yawa kashin ne ke ramewa. Jiya ƙwaya biyar manya, yau biyar matsakaita, gobe huɗu, kuɗi kuwa yana nan yadda ya ke. Biyar manya giram 750 ne, biyar matsakaita 550. Mai ƙosai ta biya kuɗi ɗaya, ta rasa giram 200, ba ta kuwa ji an ce an ƙara farashi ba. Sai ƙarshen mako ta ga jari yana raguwa ba ta san ta ina ba. Wadda ta san kilo nawa sana'arta ke ci a rana, ta kuma san kashin yau kilo nawa ne, ita ce za ta san lokacin da ya kamata ta bar sayen kashi ta haɗa kuɗi da 'yan'uwanta su sayi kwando.

Ba mu ce mai kasawa macuci ba ne. Shi ma a buhu ya sayo, buhun kuwa awon cika ne, wani an ɗinke bakinsa, wani an yi masa hula har ya kusa buhu da rabi. Manomin da ya ajiye albasarsa a rudu yana jiran tsada, shi ma nauyi ke zube masa a ɓoye, gama tana bushewa tana tsiro tana ruɓewa wata bayan wata. Tun daga gona har tukunya kowa da ido ya ke ciniki.

In ta yi yawa

A gidan bukin nan, tsohuwa ba ta bar ragowar ta lalace ba. Yankakkiyar albasa ba ta kwana lafiya a zafin ƙasarmu in babu firiji, ko a firiji ma a rufe mako guda ne iyakarta. Ta sa aka soya rabi da mai domin miyar washegari. Sauran aka baza a kan faifai da tabarma mai tsabta, aka rufa da yadi marar kauri saboda ƙuda da ƙura, iskar hunturu ta yi aikinta.

Wannan tsohuwar dabara ce, 'yar'uwar gabu da iyayenmu ke yi da lawashi. Wadda ke da hali ta sayi albasa da yawa a watan Afrilu, ta yanka siriri, ta shanya har ta bushe ƙayau tana karyewa, ta zuba a kwalba ko gwangwani mai murfi, za ta ci moriyarta a Disamba. Kada ta firgita da ganin yadda za ta ƙanƙance. Tun da ya ke yawancinta ruwa ne, kilo guda ba zai bar mata abin da ya wuce giram 100 da 'yan kai ba. Ƙarfin yana nan. Cokali ɗaya na busasshiya ya kan tsaya a madadin uku ko huɗu na ɗanya, a jiƙa ta da ruwa kaɗan kafin a zuba.

Da yamma muka zauna da tsohuwar muka karanta mata lambobin da muka fara tattarawa. Ta saurara har muka gama, sa'an nan ta ce, "'Ya'yana, sikelinku ya san nauyi, amma ya san yaji?" Nan ta kama mu. Jar albasa ta fi fara ƙarfi, wadda ta sha ajiya ta fi sabuwa mai ruwa-ruwa, giram 100 na wannan ba ya yin aikin giram 100 na waccan. Ita da hanci ta ke ganewa tun tana ɓarewa, ta rage ko ta ƙara. Babu littafin da zai koya wa yarinya wannan, sai zama kusa da murhu. Amma muka ce mata, "Gwaggo, hannunki ya san awo, sai dai ba a aika hannu cikin wasiƙa. Jikarki da za ta yi aure a Kaduna ko Legas, in ta bugo waya ta ce albasa nawa, me za ki ce mata?" Ta yi dariya ta ce za ta ce mata ta zuba daidai.

Washegarin buki, muna shirin kama hanya, muka ga ƙanwar amarya a gindin darbejiya ta rataye sanda da leda biyu, ƙannenta sun kewaye ta. Ta auna kilo guda, ta ɓare, ta yanka, ta zuba cikin wani tsohon kwanon sha na gidan. Tsohuwa ta zo ta leƙa, ta ce yankan ya yi girma, ta karɓi wuƙa ta ƙara bi ta kai. Albasar ta sauka da kusan faɗin yatsa. Ta girgiza kwanon sau biyu, ta aiki yaro ya kawo ƙusa, ta ce a ja layin a nan.